Gyaran Kuskure a Takardar Jagorar Manhaja: Darasi Daga Ƙidayar Haruffan Hausa

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji. Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan wani kuskure da na ci karo da shi a cikin takardar jagorar wata manhajar kwamfuta, da matakan da na bi wajen gyara shi, domin amfanin 'yan'uwana ɗaliban harshe.

Mafarin Al'amarin

Ina cikin aikin kundin bincikena a kan karin magana, sai buƙatar auna tsawon kalmomi ta taso. A unguwar Gwallameji da nake zaune, wani abokina mai karatun kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauci ya nuna mini wata 'yar manhaja mai suna wc. Ba a latsa hoto a irinta. Rubuta mata umarni ake yi, ita kuma ta ba da amsa. Aikinta ƙidaya layuka da kalmomi da haruffa. Tsohuwa ce, domin tana cikin littafin jagorar tsarin Unix na farko, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar a 1971. Abokin nawa ya haɗa mini da wata takardar jagora da ɗalibai ke yi wa hoto suna rabawa a tsakaninsu. Takardar ta ce idan aka rubuta wc -c, to, adadin haruffa za a samu.

Na yi yadda ta ce. Da na tsara sakamakon a jadawali, sai na ga kalmomi masu ɓ da ɗ da ƙ duk sun fi sauran tsawo. Saura ƙiris in kai wa malamina wannan a matsayin abin da na gano. Da shakku ya kama ni kuma, kaina na fara zargi, kasancewar Hausa ba harshena na farko ba ne. Na zaci ni ne ban iya rubutun ba.

Inda Gizo Ke Saƙar

Na ɗauki kalmomi biyu, kasa da ƙasa, na gwada kowace ita kaɗai da umarnin printf ƙasa | wc -c. Kasa ta ba da 4, ƙasa ta ba da 5. Ɗanɗano, mai haruffa 7, ta ba da 9. Ashe kowane baƙi mai ƙugiya biyu ake lissafa shi.

Dalili shi ne, kwamfuta tana adana rubutu a cikin 'yan ma'aunai da ake kira bayit. A tsohon tsarin ASCII mai alamomi 128, wanda aka yi domin Ingilishi, harafi ɗaya bayit ɗaya ne, don haka ƙidayar bayit da ta haruffa duk ɗaya ce. A tsarin UTF-8 kuwa, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, haruffan Ingilishi sun ci gaba da cin bayit ɗaya, amma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kowanne biyu yake ci. Da na rubuta man wc, wato umarnin da ke buɗe jagorar asali a cikin kwamfutar, sai na tarar -c bayit yake ƙidayawa, -m ne mai ƙidaya haruffa. Ke nan manhajar lafiyarta lau, takardarmu ce ta kauce. Mai yiwuwa wanda ya rubuta ta da Ingilishi kawai ya gwada, inda kuskuren ba ya taɓa bayyana.

Matakan Gyara

Ga matakan da na koya daga wannan aiki:

1. A tabbatar da kuskuren da ƙaramin misali. Tagwan kalmomi irin kasa da ƙasa, waɗanda muka saba da su a darasin tsarin sauti, sun wadatar.
2. A bambance laifin manhaja da na jagora. Idan manhaja ta yi abin da aka ƙera ta ta yi, to, bayanin ne ke buƙatar gyara.
3. A koma ga tushe. Jagorar asali ta fi abin da aka kwafo daga kwafe.
4. A gyara jimlar da ta kauce kaɗai, a sa misalin da kowa zai iya maimaitawa.
5. A faɗi iyakar gyaran. Umarnin -m ba zai yi daidai ba sai an saita kwamfutar a kan UTF-8.

Abin da Ya Rage wa Ɗalibin Harshe

Ko bayan gyaran akwai sauran rina a kaba. Abin da manhaja take kira harafi alama ɗaya ce a rubuce, ba baƙi ko wasali a ma'anar da muka sani ba. A ƙa'idar rubutun Hausa, ts da sh da ky da ƙw kowanne sauti ɗaya yake wakilta. Saboda haka tsatsa tana da sautuka 4, amma wc -m zai ce 6. Haka kuma 'ya a rubutun Nijeriya za ta ba da 3, alhali ƴa a rubutun Nijar 2 za ta bayar, ga shi kuwa kalma ɗaya ce. Hatta ƙidayar kalmomi da -w tazara take bi, don haka wanda ya rubuta ya na maimakon yana ya ƙara wa kansa kalmar da babu ita. Na ƙara wannan bayani a ƙasan takardar, na rubuta ranar gyaran, sannan na mayar wa abokina domin a riƙa yin hoton sabuwar.

Kammalawa

Ɗan'adam ajizi ne, mai rubuta jagora ma haka. Masanin kwamfuta da bai yi nazarin Hausa ba da wuya ya hango irin wannan kuskure. Mu ɗaliban harshe mu ne za mu fara tuntuɓe da shi, mu ne kuma ya kamata mu gyara. Shawarata ga duk mai shirin ƙidaya a bincikensa ita ce ya fara gwada manhajar da kasa da ƙasa kafin ya miƙa mata sauran aikin.