Darasi: Shimfiɗa Rassan Gwaiba A Kan Waya Kewaye Da Rijiyar Lambu

'Yan'uwa manoma, yawancin ƙungiyoyinmu suna da rijiya a tsakiyar lambu. Muna son itatuwan marmari a wurin, amma muna tsoron inuwarsu ta kashe albasa da tumatir. Akwai dabarar da za ta ba mu duka biyu. Ana koya wa itace ya miƙa rassansa dama da hagu a kan waya, ya tsaya kamar darni, ba ya cin fili. Dabarar tsohuwa ce a ƙasashen Turai. A Faransa, a lambun Sarki Luwi na 14 da aka yi tsakanin 1678 da 1683, har yau haka ake renon itatuwan tuffa.

A wurinmu gwaiba ta fi dacewa, gama reshenta yana lanƙwasuwa, tana kuwa jure datsa. Mangwaro ya cika girma. Lemun tsami yana da ƙaya, ga mata da yara suna ɗiban ruwa. Saiwar ɓaure kuma tana iya fasa ginin rijiya.

Dalilin aikin
Reshen da ya miƙe sama yakan ba da ƙarfinsa ga ganye. In aka kwantar da shi, girmansa ya ragu, sai ya fi yin fure. Rana da iska suna shiga ko'ina, yaro ma yana iya tsinka ba hawa.

Yadda za a yi
1. A auna ƙafa 15 daga bakin rijiya, domin saiwa kada ta kai ga ruwan sha. A bar gefe ɗaya a buɗe don shiga.
2. A kafa turaku masu tsawon ƙafa 6, ƙafa 10 tsakaninsu. Ƙirya ta fi, gama gara ba ta cinta da sauri.
3. A ja waya layi 3, inci 18 tsakaninsu.
4. In damina ta zauna, a dasa gwaiba ɗaya tsakanin kowane turke biyu.
5. In tsiron ya wuce wayar fari, a datse kansa kaɗan bisa wayar. Cikin tohon da zai fito a zaɓi uku: ɗaya ya hau sama, biyu su bi waya. A cire sauran.
6. Kada a kwantar da reshe rana ɗaya, zai karye. A riƙa saukar da shi kaɗan kaɗan, ana ɗaurewa da tsumma sako-sako.
7. A maimaita haka a waya ta biyu da ta uku.

Gwaiba a sabon toho take yin 'ya'ya. Saboda haka bayan tsinka, a rage ƙananan rassa su koma kamar taƙi ɗaya, da wuƙa mai kaifi. A haƙa ɗan magudani ya kai wa itatuwan ruwan da ke zuba a bakin rijiya.

Gargaɗi
Rassan ƙasa suna daidai bakin akuya. In lambu ba shi da shinge mai ƙarfi, aikin shekara biyu zai ƙare da yamma ɗaya. Itacen da aka bari damina guda ba datsa kuwa zai koma kurmi.

Don tattaunawa a taronku
Wa za a ɗora wa datsa kowane wata? Yaya za a raba 'ya'yan? A yanke waɗannan tun kafin a kafa turke.