DARASI GA IYAYE DA MATASA: Wace Jami'a Ga Mai Niyyar Zama Likita?

'Yan'uwa, kowace shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, akwai gidaje a Wanke da Tsafe da Bunguɗu inda murna takan zo rabi da rabi. Yaro ya nemi karatun likita, aka ba shi nazarin halittu, wato bayoloji. Sai dangi su ce masa, "Karɓi wannan tukuna, daga baya ka koma." Bari mu duba wannan "daga baya" da kyau, gama da shekarun ɗanmu da hatsin rumbunmu za a biya shi.

A Amurka, sai mutum ya gama digiri na shekara 4 kafin ya shiga makarantar likitoci. A ƙasarmu ba haka tsarin yake ba. Wanda ya gama sakandare yakan rubuta jarrabawar JAMB a Turanci, bayoloji, kemistiri da fizis, in ya dace ya shiga karatun likita nan take, ya yi shekara 6. Wanda kuwa ya bi ta digirin bayoloji zai yi shekara 4, sa'an nan ya sāke nema ta hanyar shiga kai tsaye, a sa shi aji na biyu, ya ƙara shekara 5. Tara ke nan, ban da shekarar sanin makamar aiki a asibiti, da ta hidimar ƙasa, da abin da yajin aiki zai ci. Na malaman jami'o'i a 2022 kaɗai ya ɗauki wata 8.

Ƙofar kuma ƙunƙunta ce. Majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ce take ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta horar, saboda haka guraben da ake barin wa masu digiri kaɗan ne. Sauya fanni bayan shekarar fari ma haka yake, ba hakkin kowa ba ne. Kada wani ya yi mana alkawarinsa da baki.

To, ina za a je? Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, tana da asibitin koyarwa nata. Haka Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta 1962, da asibitinta a Shika, haka kuma Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ɗalibin bayoloji a irin waɗannan wurare yana kusa da labari, yana ganin waɗanda suka riga shi haye. Amma kusanci ba tabbaci ba ne. Ga kuma Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, a ƙofar gida. Wasunmu sukan rena ta don ƙuruciyarta, mu kuwa ba mu ga dalilin reni ba. Abin da za a duba ranar neman gurbi shi ne darajar digirin, yawanci ana bukatar daraja ta biyu ta sama ko ta ɗaya, tare da kyakkyawan sakamakon sakandare a darussan kimiyya, lissafi da Turanci. Yaron da ake aika wa gero da wake daga gida, wanda ba ya bin doguwar hanyar Funtuwa da fargaba kowane hutu, ya fi samun natsuwar da za ta kai shi wannan daraja. Sai dai a je a ga ɗakin gwaje-gwaje da ido, a tambayi ɗaliban ajin ƙarshe ko suna taɓa madubin duba ƙwayoyin cuta da hannunsu, ko kuwa a allo kawai ake zana musu shi.

Mu tuna kuma, jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin yankinsu, 20 ga jihohin da suke baya a ilimi, Zamfara kuwa tana cikin waɗannan. Saboda haka idan yaro yana da ƙuruciya, makinsa kuma kaɗan ya rage, a ganinmu gara ya zauna ya sāke JAMB ya nemi Sakkwato ko Zariya. Wannan shekara guda zai ci, wancan huɗu. Digirin bayoloji ya dace da wanda, ko da ƙofar likita ba ta buɗe ba, zai yi farin ciki ya koyar da kimiyya ko ya shiga bincike. Wannan tambaya, yaron ne ya kamata ya amsa ta, a gabanmu, kafin a biya kuɗin rajista.