DARASI: Wayarka ta fi ɗan sari sanin kasuwa, in ka iya tambayarta

Yau ba maganar abinci ko rigakafi za mu yi ba. Maganar kasuwa ce, da yadda wayar da ke hannunka za ta nuna maka inda kuɗi yake kafin ka zuba jari.

Bari in fara da abin da ya same ni. Zubina na farko na tarwaɗa a Birnin Kebbi, na sa 'ya'yan kifi 1,000 a watan Yuli, suka isa sayarwa a Disamba. Ashe lokacin ruwan Gulbin Rima ya ja baya, masunta na ta fito da kifi, kasuwa ta cika. 'Yan sari suka taya da farashin da ko kuɗin abinci bai mayar ba. Na ƙi sayarwa, kifi kuma bai daina ci ba. Bayan sati uku na sallama da asara. Kifin lafiya lau yake, lissafin lokaci ne ban yi ba.

Ga manhajoji huɗu da nake aiki da su tun daga nan, duk kyauta:

1. Google Sheets ko Excel. Ka buɗe layi biyar: kwanan wata, kasuwa, kilon tarwaɗa, kiret ɗin ƙwai, buhun abinci. Duk sati ka cike. Ni ina karɓar farashi daga Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Yauri, ta hannun mutum ɗaya a kowace kasuwa. Bayan shekara, teburin ya nuna mini cewa kifi ya fi daraja a tsakiyar damina, lokacin da gulbi ya cika, su ya yi wuya. Tarwaɗa na ɗaukar wata biyar zuwa shida, don haka yanzu a Fabrairu ko Maris nake zubi. Amma fa sai mai tabbataccen ruwa, saboda zafin bazara ba wasa ba ne.

2. Kalandar waya. Kajin gidan gona na nama suna isa yanka a sati shida zuwa takwas. Ka sa ranar Ƙaramar Sallah, ka ƙirga sati bakwai baya, ranar ce 'yan tsaki za su shigo. Ka tuna Sallah na matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, kada ka dogara da ranar bara. Babbar Sallah kuwa ka yi hattara: gida ya cika da naman layya, wa zai nemi kaza?

3. WhatsApp Business. Ka sa hoton kaya da farashi, ka ware masu saye gida-gida: masu gashi, masu abinci, matan gida. Sati biyu kafin kwashe kifi ka sa sanarwa, ka karɓi oda. Wanda ya riga ya sayar da rabin kayansa ba ya roƙon ɗan sari.

4. Facebook. Ka shiga zaurukan masu kiwo, ka rubuta "ina neman" a wurin bincike. Abin da mutane ke yawan nema ba su samu ba, nan ƙofa take. Ta haka na gane masu neman banda mai tsabta a leda suna da yawa, kuma banda ba ta matsa maka ka sayar yau-yau kamar ɗanyen kifi.

Mu kuma duba abin da ke ƙofar gidanmu. Akwai kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu da na Labana a Birnin Kebbi, ga ƙananan injinan casa ko'ina. Dusar shinkafa na shiga haɗin abincin kaji, sai ka sa farashinta a teburinka ka ga watan da ta fi araha. Sannan sunan Argungu kansa jari ne: bikin kamun kifi na Matan Fada ya faro tun 1934, UNESCO ta amince da shi a 2016. Mai sayar da banda daga nan yana da labarin da na wani gari ba shi da shi.

Gargaɗi: farashin da ka gani a intanet ba ciniki ba ne sai ka kira ka tabbatar. Kuma kada ka tura kuɗin 'yan tsaki ga wanda hoto kawai ka sani.

Aikin gida: daga wannan satin, ka rubuta farashin abu uku a kasuwa biyu, har sati takwas. Kafin ka gina kududdufi ko keji, ka fara gina wannan teburin.

Allah Ya sa wa neman albarka. Darasi na gaba: lissafin abin da kilo ɗaya na kifi ya ci maka.