Kalmomin kuɗi da ya kamata sabon ma'aikacin bankin hatsi ya sani



Idan kaka ta yi, mukan zaɓi waɗanda za su riƙe mana bankin hatsi: ma'aji, magatakarda da mai awo. Wannan amana ce babba. Hatsin da ke cikin bankin shi ne zai rufa wa iyalanmu asiri a bazara da farkon damina, lokacin da tiya take tsada. Banki yana iya mutuwa ko ba a yi sata ba, idan masu riƙe da shi ba su san kalmomin kuɗi ba.

Darasi ta salula

A da, sai sabon ma'aikaci ya bar gona ya tafi birni neman horo. Yau darasi yana iya iske shi a gida ta salula, a rubuce ko da muryar malami. A shekarar 2009, ƙungiyar CRS ta shigar da salula cikin azuzuwan yaƙi da jahilci a jihohin Doso da Damagaram. Waɗanda suka koya da salula sun fi sauran ci gaba a rubutu da lissafi.

Kalmomi shida

Jari: kuɗin da aka sayi hatsi da shi. Shi ne irin shuka na banki, ba a cin sa.

Kuɗin shiga: duk abin da aka karɓa wajen sayarwa.

Kuɗin kashewa: abin da aka biya na buhuna, amalanke da maganin ƙwari.

Riba: abin da ya rage bayan an fitar da jari da kuɗin kashewa.

Asara: idan abin da ya shigo bai kai abin da aka fitar ba.

Bashi: hatsi ko kuɗin da aka ba mutum, da ranar biya a rubuce.

Mu yi lissafi

A misali, banki ya sayi buhu 10 a kaka, kowane jika 20. Jari ya zama jika 200. A bazara aka sayar da kowane buhu jika 24. Kuɗin shiga jika 240 ke nan. An kashe jika 15. Riba ita ce jika 25 kawai. Ma'ajin da ya ɗauki jika 240 a matsayin riba, ya bari aka raba, ya cinye irin shuka. Baɗi rumbu wayam.

Hattara da dala da tamma

A kasuwa da dala muke ƙirga, amma takarda da salula da tamma suke rubutu. Dala 1 tamma 5 ce. Idan muka ce ɗari biyu, jika ɗaya muke nufi, a rubuce kuwa 1.000. Wanda ya rubuta 200 a littafi, dala 40 kawai ya rubuta. Irin wannan kuskure ya isa ya sa a zargi mutumin kirki da cin amana.

Yadda za mu koya

Mu saurari darasi sau biyu. Mu rubuta kowace kalma a littafi da hannunmu. Inda layi ba ya kamawa, wanda ya je kasuwa ya sauko da darasin, a taru a ji tare. Abin da ya shige mana duhu, mu tambayi malamin yaƙi da jahilci. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin kuɗin shiga da riba?
2. Jika 3 tamma nawa ce a rubuce?
3. An sayi buhu jika 20, an kashe masa jika 2, an sayar jika 21. Riba aka samu ko asara?