Kwamfutar Wasa Mai Nauyin Jiki a Arlit

Wani mai sauraronmu daga Arlit ya ce ya haɗa sabuwar kwamfutar wasa, amma yana cikin wasa sai hoto ya riƙa sarƙewa, can kuma ya sake.

To ɗan'uwa, ni dai zafi na fara zargi. A watan Mayu zafin Arlit yakan haura digiri 40, ita kuwa firosesa da zarar ta kusa 95 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. In ta huce ta koma daidai. Shi ya sa matsalar take zuwa tana tafiya. Sa manhajar HWMonitor, ka lura da zafin daidai lokacin da wasan ya sarƙe.

In zafin ya hau, ciro abin sanyaya firosesar ka duba gindinsa. Sau da yawa akan manta da 'yar ledar da ke manne a wurin. Ɓare ta, ka shafa sabon man sanyaya. Ƙurar hunturu ma tana toshe fanka, don haka ɗauke akwatin kwamfutar daga ƙasa ka ɗora kan tebur.

Rawar wutar lantarki kuwa, kashe kwamfuta ta fi yi, ba rage mata gudu ba. In zafin lafiya lau ne, sabunta direban katin hoto.