Yadda Ake Cire Rumbun Kaset Na Kwaikwayo Daga Na'urar Adana Bayanai

Shekaru da yawa bankuna da manyan ma'aikatu suna kwafe bayanansu a kan kaset, su adana saboda ranar da kwamfuta za ta ci amanarsu. Da faifai ya yi arha, sai aka ɓullo da dabarar da ake kira VTL. Na'ura ce cike da faifai, amma tana nuna wa manhajar kwafe bayanai cewa ita rumbun kaset ce, da ramukan jera kaset, da injinan karanta su, har da hannun da ke ɗauko kaset ya cusa a inji. Na'urar Data Domain, wadda EMC ya sayi kamfanin da ke ƙera ta a 2009 kafin Dell ya saye EMC a 2016, tana cikin waɗanda aka fi sani da wannan aiki. Yanzu ma'aikatu da yawa sun koma rubuta kwafinsu kai tsaye a faifai, don haka tsofaffin rumbunan sun zama kaya. Rushe su ba wuya, muddin an fara daga sama an gangaro ƙasa.

Da farko, a ƙirga abin da ke ciki. A fitar da jerin kaset ɗin duka da lambobinsu, a duba wa'adin da aka ɗibar wa kowane. Idan akwai bayanan da doka ko dokar ma'aikata ta ce a riƙe, sai a kwafe su zuwa sabon wuri, a kuma gwada dawo da fayil ɗaya ko biyu daga can don a tabbatar kwafin yana da rai. Ba a rushe rumbu da hatsi a ciki.

Na biyu, a dakatar da duk ayyukan kwafe bayanai da ke zuwa wannan rumbu, ko a karkatar da su zuwa wata ma'ajiya. Inji mai ɗauke da kaset ba ya goguwa, saboda haka a mayar da kowane kaset raminsa.

Na uku, a cire rumbun daga manhajar kwafin, ko NetBackup ce, ko NetWorker, ko Commvault. A manhajar IBM da aka daɗe ana kira TSM, ana fara goge hanyar da ta haɗa saba (wato kwamfutar da ke gudanar da kwafin) da inji, sannan injin, sannan rumbun. Wanda ya tsallake wannan mataki, manhajarsa za ta kwana tana neman injin da babu shi, tana tara saƙonnin kuskure.

Na huɗu, a koma kan Data Domain ɗin. Sabobi suna ganin injinan ne ta wayar Fibre Channel, kuma akwai rukunin izini da ke fayyace wace saba ce za ta ga wane inji. A cire injinan da hannun ɗauko kaset daga rukunin, a mayar da kaset ɗin ɗakin ajiya na na'urar da umarnin vtl export, a goge injinan da vtl drive del, a ƙarshe a goge rumbun da vtl del. Idan wasu injina kaɗai za a rage, a yi hattara da lambar LUN 0, wato lamba ta farko a rukunin izini, domin wasu sabobin daga kanta suke fara neman sauran na'urori. Bayan ragewar kuma sai an sa manhajar ta sake ƙirga rumbun, tunda jerin injinan ya sauya.

Na biyar, a share bayan gida. A cire haɗin da aka yi tsakanin saba da na'urar a kan swic ɗin Fibre Channel, sannan a sa sabar ta sake duba na'urorinta don sunayen tsofaffin injina su ɓace.

Nan ne mutane da yawa ke mamaki: an goge rumbu, amma fili bai ƙaru ba ko kaɗan. Dalili shi ne kaset ɗin suna nan a ɗakin ajiya da bayanansu cif. Sai an goge su da vtl tape del, kuma wanda aka kulle da wa'adi ba zai gogu ba sai wa'adin ya cika. Ko bayan haka, fili ba ya dawowa sai na'urar ta yi sharar da ta saba yi sau ɗaya a mako, wadda aka tsara da ƙarfe 6 na safiyar Talata idan ba a sauya ba.

Rumbu da injina ana iya sake gina su cikin 'yan mintuna. Kaset ɗin da aka goge kuwa, shara ta bi ta kansa, ya tafi ke nan. Saboda haka mai karatu, ka bar kaset ɗin a ɗakin ajiya na 'yan makonni, kuma kada ka goge ko ɗaya sai mai bayanan ya ba ka izini a rubuce.