Rumbun Bayanai: Yadda Ake Tsara Kwafin Ajiya a Kwamfutar Makaranta

Gabatarwa

Manomi a Faskari ko Sabuwa ba ya cinye dukan abin da ya girbe. Sai ya ware iri ya adana. Masana ilmin halittu ma haka suke yi. A shekarar 2008 aka buɗe wani babban rumbun iri a Svalbard, can arewacin Norwe, inda cibiyoyin bincike ke ajiye kwafin irin da suke da shi. Da yaƙi ya raba cibiyar ICARDA da rumbunta na Halab a Siriya, sai ta karɓo ajiyarta daga Svalbard a 2015, ta sake shukawa a Labanan da Maroko. Sakamakon jarrabawa da rajistar ɗalibai su ne irin makaranta. Wannan darasi zai bayyana yadda ake tsara lokutan kwafarsu.

Ire-iren kwafi

A makarantar da aka haɗa kwamfutoci da juna, akan keɓe guda ɗaya, wato uwar na'ura, a sa mata manhajar da za ta riƙa janyo bayanai daga sauran a lokutan da aka ƙayyade. Kwafin iri uku ne. Cikakken kwafi yana ɗauke kome da kome. Kwafin ƙari yana ɗaukar abin da ya canja tun daga kwafin da ya gabace shi, ko wane iri ne. Kwafin bambanci kuwa yana tattara duk abin da ya canja tun daga cikakken kwafi na ƙarshe.

Mu ƙaddara cewa makaranta tana da bayanai na gigabait 20, kuma kullum akan canja takardu dabam-dabam na megabait 200. In ana yin cikakken kwafi kowace rana daga Litinin zuwa Juma'a, za a ci gigabait 100 a mako. In kuwa aka yi cikakke ran Juma'a, sa'an nan kwafin ƙari daga Litinin zuwa Alhamis, gigabait 20 da megabait 800 kawai za a ci.

Ranar maido da bayanai

Sai dai fa wannan sauƙi yana da farashi, kuma ranar da kwamfuta ta lalace ake biyansa. A ce faifan na'urar ofishin jarrabawa ya mutu da safiyar Alhamis. Dole a fara ɗora cikakken kwafin Juma'a, a bi shi da na Litinin, da na Talata, da na Laraba, ɗaya bayan ɗaya. Kowannensu zobe ne a jikin sarƙa. In na Talata ya lalace, makin da malamai suka shigar ran nan ya tafi, sai fa takardar da aka sake taɓawa ran Laraba. Gwargwadon tazarar da ke tsakanin cikakken kwafi da cikakken kwafi, gwargwadon tsawon sarƙar, da kuma yawan wuraren da za ta iya tsinkewa.

Kwafin bambanci yana gajarta sarƙar zuwa zobe biyu: cikakke, da na bambanci na ƙarshe. Amma kullum girma yake yi. A misalinmu zai tashi daga megabait 200 ran Litinin zuwa 800 ran Alhamis, jimla 2,000. Saboda haka ne manhajar Bacula, wadda ake samu kyauta, ta zo da jadawalin misali mai haɗa ukun: cikakke a Lahadin farko ta wata, na bambanci a sauran Lahadi, na ƙari daga Litinin zuwa Asabar, duka da ƙarfe 11:05 na dare.

Jadawalin da ya dace da yankinmu

Kada malami ya ɗauki wancan jadawali yadda yake, domin an yi shi ne don ofishin da na'urorinsa ke kwana a kunne. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a sa kwafin ƙari a sa'ar ƙarshe kafin tashi daga aiki, lokacin da janareta ko wutar sola ke aiki. Cikakken kwafi kuma a yi shi kowace Juma'a, a ƙara wani na musamman da zarar an gama shigar da sakamakon zango. Kada a goge tsohon cikakken kwafi sai an tabbatar sabon ya kammala.

Inda za a ajiye kwafin shi ma abin lura ne. A ranar 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, abin da ya sa aka rufe makarantun kwana na jihar ba shiri. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan sadarwa na tsawon watanni a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Lamari na farko ya nuna cewa kwafin da ke kulle a ofis yana iya gagarar masu shi. Na biyu ya nuna cewa wanda ke intanet kaɗai ma haka. Don haka a riƙe kwafi uku: na aiki, da na uwar na'ura, da na faifan tafi-da-gidanka mai mabuɗin sirri wanda za a ajiye a wani gari.

Kammalawa

Masu kula da rumbun iri sukan ɗebi 'yan ƙwayoyi lokaci-lokaci su jarraba ko suna tsira, domin irin da ya mutu a rumbu kamarsa ɗaya da mai rai. Kwafin ajiya ma sai an jarraba shi. Sau ɗaya a kowane zango, a ɗauki wata kwamfuta dabam a maido da sakamakon aji guda, a gwada shi da na takarda, a kuma rubuta mintocin da aikin ya ci. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin ɗalibi

1. In kwamfuta ta lalace da safiyar Laraba, kwafi nawa ake bukata a tsarin ƙari, nawa kuma a tsarin bambanci?
2. Tsara jadawalin mako guda ga makarantar da ke samun wuta daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana kawai.